Kwafin wuƙaƙe masu tsada: tambayoyi da amsoshi kan saye da sayarwa

Duk wanda ya taɓa neman wuƙar aljihu mai naɗewa ko wuƙar girki a kasuwannin intanet ya ga yadda abin yake. Hoto ɗaya ne, siffa ɗaya ce, amma a wani shago kuɗinta ya haura dala ɗari huɗu, a wani kuma bai kai dala arba'in ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar wuƙaƙe da 'yan kasuwa da maƙera suka fi maimaitawa a kan wannan lamari.

Me ake nufi da kwafin wuƙa, kuma shin duk kwafi iri ɗaya ne?

Ba iri ɗaya ba ne, kuma yawancin gardamar da ake yi tana tasowa ne daga haɗa abubuwa uku a kira su da suna ɗaya. Na farko shi ne jabu tsantsa: an kwaikwayi siffar wuƙar, an buga mata sunan kamfanin da bai ƙera ta ba, an zana tambarinsa a jikin ruwan wuƙar, har kwali da takardar garanti an kwaikwaya. Na biyu shi ne kwafin da ya ɗauki zanen wani gaba ɗayansa, tun daga lanƙwasar kaifi har zuwa wurin da kowace ƙusa take a ƙota, amma ya fito da sunan wani kamfani dabam ko ba suna ko kaɗan. Na uku shi ne wuƙar da mai ita ya ga aikin wani ya ɗauki darasi, ya ari wata dabara, sannan ya zana tasa, yadda wanda ya san wuƙa ba zai rikita su ba ko daga nesa.

Na uku ba abin zargi a cikinsa. Na farko kuwa ba mai kare shi sai wanda yake cin riba da shi. Duk wahalar tana kan na biyu, shi ya sa yawancin amsoshin nan a kansa suke.

Me ya sa na asali suke da tsada haka? Ba sunan kawai ake saya ba?

Akwai kuɗin suna a ciki, babu musu, amma ba shi kaɗai ba ne. A ɗauki Sebenza, wadda tana cikin wuƙaƙen da aka fi kwafa a duniya. Chris Reeve ne ya ƙirƙiro ta, mutumin Afirka ta Kudu wanda ya koma garin Boise na jihar Idaho a Amurka a 1989, kuma sunan ma kalmar Zulu ce mai nufin aiki. Ƙotarta ta titaniyom ce, kuma dabarar da ta yi suna da ita ita ce wani yanki na ƙotar kanta yake zama sakata, ya faɗa bayan ruwan wuƙar ya tokare shi idan an buɗe. Kafin irin wannan wuƙa ta kai kasuwa an ɓata ƙarfe mai yawa a gwaji, an zana an goge, an biya ma'aikata albashin ƙasar da rayuwa take da tsada, kuma kamfanin yana karɓar wuƙar ya gyara ta bayan shekaru. Mai kwafi ba ya biyan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya sayi guda ɗaya, ya kwance ta, ya auna kowane ɓangare, ya saka ma'aunin a kwamfutar injin yanka ƙarfe, shi ke nan.

Duk da haka, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasu kamfanoni suna fitar da wuƙa 'yan kaɗan da gangan don a yi rububi, farashi ya hau fiye da abin da aikin ya cancanta, kuma mai saye yana da ikon ya ce wannan ya yi yawa ya juya baya. Ko ƙin sayen mai tsada yana ba shi damar sayen kwafinta, wannan magana ce dabam, kuma an tattauna ta a amsar da ta shafi wanda ba shi da halin sayen ta asali.

Ai tun fil azal maƙera suna kwaikwayon juna. Me ya bambanta wannan da wancan?

Gaskiya ne, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi da masu kare kwafi suke da ita. Yaron maƙera yana zaune yana jan zuga-zugi yana kallon hannun ubangidansa, da haka yake koyon siffar wuƙar mahauta da ta lauje da ta aska, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo. A ƙasashen Turawa ma haka aka yi. Kamfanin Buck na Amurka ya fitar da wuƙarsa mai lamba 110 a 1964, ba a daɗe ba kamfanoni a Amurkar kanta da wajenta suka cika kasuwa da masu kama da ita. Wuƙar Laguiole ta ɗauki sunan wani ƙauye ne a kudancin Faransa, amma an daɗe ana ƙera ta a garin Thiers, yau kuma ana yin masu araha a Chaina da Pakistan, domin siffar ta zama ta kowa. Wuƙar Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, ita ma kamfanin Cold Steel ya fitar da tasa mai kama da ita ya kira ta Kudu.

Bambancin yana wurare biyu. Na farko, siffar lauje da ta wuƙar mahauta gado ne wanda ba a san mai shi ba, hannaye dubu suka gyara shi a ƙarnuka. Zanen wuƙar da aka fitar bara kuwa yana da mai shi, an san sunansa, yana raye, kuma da kason da ake ba shi a kan kowace wuƙa da aka sayar yake ciyar da iyalinsa. Na biyu, yaron maƙera yana faɗin wanda ya koya masa, har yana alfahari da shi. A sana'ar wuƙa ta zamani ma akwai wannan ladabi: kamfanin Spyderco idan ya yi amfani da sakatar da Michael Walker ya inganta a 1980, ko wadda Chris Reeve ya ƙirƙiro, yakan rubuta sunan mai ita a bayanin wuƙar. Mai kwafi kuwa shiru yake yi, saboda cinikinsa ya dogara ne ga mai kallo ya tuna da wancan sunan ba tare da shi ya ambace shi ba.

Me doka ta ce?

Doka tana kare abubuwa uku, kowanne da wa'adinsa. Akwai takardar mallakar ƙirƙira, wadda take kare sabuwar dabarar aiki kamar sakata, kuma a yawancin ƙasashe shekara 20 take yi. Akwai rajistar zane, wadda take kare kamannin abu: a Amurka shekara 15 ce ga waɗanda aka nema daga 2015, a Nijeriya kuma dokar 1970 ta ba da shekara 5 da za a iya sabuntawa sau biyu. Sai alamar kasuwanci, wato suna da tambari, wadda ba ta mutuwa muddin ana amfani da ita ana sabunta ta. Jamhuriyar Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedkwata a Yawunde, inda rajista ɗaya take aiki a dukkan ƙasashen ƙungiyar. Wani lokaci har sunan gari ana karewa: tun 1938 dokar Jamus ta hana buga sunan Solingen a kan wuƙar da ba a yankin aka ƙera ta ba.

Misalin sakatar Axis yana nuna yadda wa'adin yake aiki. Bill McHenry da Jason Williams ne suka ƙirƙiro ta, kamfanin Benchmade ya fara sayar da ita a ƙarshen shekarun 1990, kuma tsawon wa'adin kariyarta shi ne mai iko da ita a Amurka. Da wa'adin ya cika, kamfanoni masu mutunci da yawa suka fito da irinta da sunayensu, ba wanda ya ga laifinsu, domin yarjejeniyar ke nan tun farko: mai ƙirƙira ya bayyana sirrinsa ga jama'a, a ba shi shekarunsa ya ci moriya, bayan nan dabarar ta zama ta kowa. Waɗanda ake zargi su ne waɗanda ba su jira ba.

A kuma lura cewa takardar da aka yi a wata ƙasa ba ta da ƙarfi a ƙasar da ba a yi rajistarta ba, kuma ƙananan masu zane da yawa ba su da kuɗin rajista ko na lauya. Saboda haka abu yakan kuɓuta daga hannun doka amma bai zama daidai ba.

Addini fa, yana da magana a kan wannan?

Game da jabu maganar a fili take. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya wuce wani tarin abinci na sayarwa, ya sa hannu a ciki ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wuƙar da aka rubuta mata sunan wanda bai ƙera ta ba, ko sunan ƙarfen da ba shi ne a jikinta ba, ba ta da maraba da wannan tarin abinci.

Game da zane da ƙirƙira kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke a ƙudurinta mai lamba 43 cewa sunan kasuwanci da alamar kasuwanci da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira duk haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya, kuma bai halatta a keta su ba. Akwai malaman zamani da suka saɓa, suna ganin ilimi ba a killace shi, kuma wanda ya sayi abu da kuɗinsa yana da ikon ya ƙera irinsa. Amma saɓanin bai taɓa kaiwa ga halatta buga sunan wani a kan kayanka ba.

Ni ba zan taɓa iya sayen ta dala ɗari huɗu ba. Idan na sayi kwafi, wa na cuta?

Wannan tambaya ta cancanci a amsa ta da girmamawa, domin mai yin ta yawanci gaskiya yake faɗa. Mutumin da kuɗin wuƙa ɗaya ya fi albashinsa na wata biyu ba ya cikin lissafin cinikin kamfanin tun asali, kuma ba za a ce ya cire musu ko kwabo daga aljihu ba. Ban kuma yarda da masu yi wa irinsa gori ba, kamar talauci laifi ne.

Sai dai cutarwar ba a nan take tsayawa ba. Kuɗin da ya biya su ne suke gaya wa masana'antar kwafi cewa akwai kasuwa, ita kuma ba manyan kamfanoni kaɗai take bi ba. Mai zane guda ɗaya da ke aiki a ɗan shagonsa yakan nuna hoton sabon samfuri, kafin ya gama ƙera rukunin farko kwafinsa ya riga shi shiga kasuwa. Sannan wuƙa abu ce mai daɗewa da sauya hannu. Wanda ya saya da saninsa zai bayar kyauta, ko ya sayar, ko ya rasu ta shiga gado, a hannu na uku kuma ba sauran mai cewa kwafi ce. Daga nan wani zai biya kuɗin gangariya ya karɓi bogi, ko ta karye masa ya je yana zagin kamfanin da bai taɓa ganin ta ba.

Abin da ya fi raunana hujjar a ganina shi ne, rashin kuɗi ba ya tilasta wa kowa sayen kwafi. Opinel ta Faransa, wadda ake ƙerawa tun 1890, da Mora ta Suwidin, da ƙananan wuƙaƙen Victorinox, duk na asali ne, suna yanka sosai, kuma kuɗin da yawa daga cikinsu bai kai na kwafin Sebenza ba. Wuƙar maƙerin unguwa da aka buga daga sifirin ɗin mota ta ishi mahauci aikin yini guda. Idan mutum ya tsallake duk waɗannan ya zaɓi kwafi, to ba yanka yake nema ba, kamannin yake so, ko don idonsa ko don idon mutane. Son abu mai kyau ba laifi ba ne, amma ya kamata mutum ya kira shi da sunansa, kada ya jingina shi ga larura.

Shin kwafin yana aiki kamar na asali?

Wani lokaci yana kusantowa har ya ba da mamaki, domin injinan zamani suna yanka ƙarfe daidai da ma'auni. Amma kama da wane ba ta wane, kuma bambancin yana ɓuya ne a inda hoto ba ya nunawa. Kowa zai iya zana sunan ƙarfe mai daraja irin M390 ko S35VN a jikin wuƙa da hasken leza, alhali ƙarfen D2 ne ko 8Cr13MoV ko wanda bai kai su ba. D2 da 8Cr13MoV ba munanan ƙarafa ba ne, ana yin wuƙaƙe masu kyau da su. Aibin shi ne ƙaryar da aka rubuta. Ko da ƙarfen na gaskiya ne, sai an gasa shi a zafin da ya dace, an sanyaya shi, an sake ɗumama shi, kafin ya yi taurin da zai riƙe kaifi ba tare da ya yi gautsi ba, kuma wannan mataki ne mai cin lokaci da mai gaggawa yake gajartawa. A wuƙaƙen girki ma ana samun masu zanen igiyar ruwa irin na ƙarfen Dimashƙa, alhali zanen a fatar ƙarfen kawai yake, in an goga da yashi ya tafi.

Na taɓa riƙe wata irin wannan da aka kawo mini in wasa. A ido ba ta da makusa, ƙotar sumul, buɗewarta santsi. Da na ɗora ta a dutsen washi sai na ji ƙarfen yana tafiya kamar sabulu, ta yi kaifi nan da nan, amma kafin a gama yanka kwali guda ta dakushe. Da na buɗe ta na danna bayan ruwan da babban yatsa, sai na ga sakatar tana zamewa kaɗan-kaɗan zuwa gefe. Wannan ne abin tsoro, domin idan sakata ta saki ana cikin aiki, a kan yatsu huɗu ruwan wuƙar yake rufewa, kuma babu kamfanin da za a kai wa kuka.

To duk wuƙar da aka ƙera a Chaina kwafi ce ke nan?

A'a, kuma wannan zato zalunci ne ga masu aikin gaskiya. Birnin Yangjiang na lardin Guangdong cibiyar ƙera wuƙa ce, a can ake yin kwafi da yawa, a can kuma kamfanoni irin su WE Knife da Reate suke, waɗanda suke fitar da zanensu, suke kuma ƙulla yarjejeniya da masu zane na ƙasashe dabam-dabam su buga sunayensu a jikin wuƙar. Spyderco kanta tana ƙera wasu wuƙaƙenta masu sauƙin kuɗi a Chaina, kamar Tenacious da jerin Byrd. Abin tambaya shi ne zanen na wane ne, kuma an nemi izininsa ko ba a nema ba.

Idan babu tambarin kowa a jiki, kuma mai sayarwa ya faɗa a fili cewa kwafi ce, akwai sauran matsala?

Rabin matsalar ya tafi, domin ba a yaudari mai saye ba, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya rage shi ne haƙƙin mai zanen, kuma a nan sai a duba shekarun zanen da halin mai shi. Kwaikwayon siffar Buck 110 bayan shekara sittin, ko ta Laguiole, ba ya hana kowa abinci. Kwaikwayon wuƙar da mai ita yake kan sayarwa yau, kusa da kusa, yana hanawa ko da an goge suna.

A kuma sani cewa wani lokaci siffar ita ce tambarin. Zagayayyen ramin da ke jikin ruwan wuƙaƙen Spyderco, wanda ake sa babban yatsa a buɗe da hannu ɗaya, ya fara fitowa a 1981, kuma kamfanin ya yi masa rajista a matsayin alamar kasuwancinsa. Wanda ya kwafi ramin da siffar ya bar sunan bai kuɓuta ba, domin duk wanda ya hango ta sunan zai faɗo masa a rai.

Na riga na sayi kwafi. Me zan yi da ita?

Ka yi aiki da ita idan sakatarta ta tabbata, bisa gwajin da aka ambata a amsar da ta shafi inganci. Jefar da ita ba zai mayar wa kowa da komai ba. Idan tana ɗauke da tambarin bogi, ka kankare shi ko ka yi mata wata alama da ba ta gogewa, don kada ta yaudari wani bayan ta bar hannunka. Kada ka aika wa kamfanin asali don gyara, kada kuma ka sayar da ita ba tare da ka faɗi abin da take ba, ko da mai sayen bai tambaya ba.

Ta yaya zan gane jabu kafin in biya?

Farashi ne shaida ta farko: sabuwar wuƙar da dillalan kamfanin suke sayarwa dala 200 ba za ta zo a dala 30 ba, ko wane labari aka haɗa ta da shi. Bayan haka a duba rubutun da ke jikinta a kwatanta da hotunan shafin kamfanin, a duba ko launin ƙotar da irin ƙarfen da aka ambata kamfanin ya taɓa fitar da su tare, a auna nauyi, a kuma nemi sunan shagon a jerin dillalan da kamfanin ya amince da su. Kwali da takardu ba hujja ba ne, su ma ana buga su.

Ni maƙeri ne. Abokin ciniki ya kawo mini hoton wata wuƙa a waya ya ce irinta yake so. In ƙi ne?

Ba lallai ne ka ƙi ba. Ka fara tambayar sa abin da ya burge shi a jikinta, domin sau da yawa abu ɗaya ne: faɗin ruwan, ko yadda tsinin ya sauko, ko kumburin ƙotar da ke cika tafin hannu. Waɗannan dabaru ne na sana'a, kowa yana ɗauka. Siffar wuƙar farauta mai saukakken tsini wadda Bob Loveless ya shahara da ita, maƙera a ko'ina suna yin irinta suna ambaton sunansa. Idan zanen tsoho ne irin wannan, ka yi, ka faɗi asalinsa. Idan na wani ne mai rai da yake sayarwa yanzu, yawancinsu ana iya samun su ta intanet, kuma aika saƙon neman izinin yin guda ɗaya ba ya cin komai.

Abin da ba za ka yi ba ko nawa aka ba ka shi ne buga sunansa ko alamarsa. Ka sa taka alamar a gindin ruwan wuƙar kusa da ƙota, ko da ɗigo uku ne da bakin ƙusa, ka gaya wa mai saye ƙarfen da ka yi amfani da shi, in sifirin ne ka ce sifirin ne, in tsohon zarto ne ka ce tsohon zarto ne, sannan ka ɗinka mata kube ka miƙa masa.